Ranar da Jumare Ya Kai Hari Birmingham

Jumare yana guge wuyan rigarsa da hannun dama, da hannun hagu kuma yana nuna wa firij yatsa, domin a safiyar nan firij ɗin ne yake wakiltar Majalisar Dattawa.

"Sashe na biyar na tsarin mulkinmu ya faɗa ƙarara," in ji shi. "Shugaban ƙasa ba zai tura soja yaƙi a wajen ƙasa ba sai da amincewarku. To amma dubi ƙofar da aka bar masa ta baya. Wai idan ya gamsu cewa akwai haɗari na gaggawa, sai ya kai harinsa, ya zo ya nemi yardarku cikin kwana bakwai. Mutumin da bam ya faɗa wa ranar farko, me ƙuri'ar ranar bakwai za ta tsinana masa?"

Raki, matarsa, tana durƙushe a bakin ƙofa tana ɗaura igiyar takalmi, sanye da shuɗiyar rigar gidan kula da tsofaffin da take aiki.

"Abban Nana, majalisa ta ji, ta kuma amince. Ka cire dutsen gugar nan kafin landlord ya kawo mana nasa harin."

Shekararsa ta huɗu ke nan a Manchester yana digirin digirgir a kan wannan magana guda: ko shugaba yana da ikon kai hari ba tare da ya tambayi kowa ba. Amsarsa ita ce a'a, kuma ya yi shafi ɗari uku yana faɗin a'ar. Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidansu na Gorton ya sha wannan karatu tare da miyar. Sunansa na yanka Muhammad Awwal, amma tun a Funtuwa ba mai kiransa da shi, saboda ranar Juma'a aka haife shi.

Raki ta rataya jaka, ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

"Wayata tana locker har ƙarfe biyu. In wani abu ya taso ka kira office, ga lambar nan na manna a jikin firij. Musamman in daga Birmingham ne. Ka ji ni?"

"Na ji," in ji Jumare, alhali yana can yana amsa tambayar wani sanata da ya ƙirƙira.

A jami'a jawabinsa ya yi kyau, har shi kansa ya ji daɗin muryarsa. Da aka zo tambayoyi, wani ɗalibi Bature mai jan gashi ya ɗaga hannu ya ce, to idan babu lokacin tara majalisa fa, idan jira na nufin mutane su mutu?

Jumare ya yi murmushin wanda aka tambayi sunan garinsu. Ya ce kowane shugaba da ya taɓa kai hari a kan kuskure ya yi rantsuwa cewa babu lokaci. Ya ce amfanin majalisa ba ƙuri'a kaɗai ba ne: a cikin mutanen da shugaba yake ganin za su ɓata masa lokaci, sau da yawa akwai wanda ya san abin da shi bai sani ba. Aka tafa masa. Malamarsa, Farfesa Catherine, ta ce ya tabbata wannan jimlar ta shiga babin ƙarshe.

Yana zaune a wani gidan abinci a Rusholme, yana saka wa kansa da shinkafa da naman rago, wayarsa ta yi ƙara. Bartholomew ne, mutumin Zonkwa, abokinsa tun zamanin bautar ƙasa, wanda yanzu yake tura marasa lafiya a kujera a wani babban asibiti a unguwar Edgbaston da ke Birmingham.

"Barista, ban son shiga maganar da ba tawa ba," in ji Bartholomew, "amma kai ɗan'uwana ne. Yaushe rabonka da Zuhra?"

Zuhra ƙanwar Jumare ce, autarsu. Bara aka kawo ta Birmingham wurin mijinta Muhsin, wani mai binciken ilimin sinadarai wanda ba ya haɗa ido da mutane. An ɗaura auren nata ne lokacin Jumare yana Ingila, kuma Inno, mahaifiyarsu, sai da aka sa rana sannan ta gaya masa. Ya ce Allah ya sanya alheri, amma abin ya zauna masa a maƙogwaro. Shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu, a ganinsa ko akuya za a sayar a gidan ya kamata a tambaye shi.

"Tun ƙaramar Sallah," in ji Jumare. "Me ya faru?"

"Sau uku ke nan ina hango ta a corridor a watan nan. Jiya na matsa kusa. Barista, fuskarta a kumbure take, idanu sun yi ja. Ta lulluɓe da wani ƙaton hijabi har ƙasa. Da ta gan ni sai ta juya baya, mijin kuma ya ja hannunta suka shige lift. Ni ban ce komai ba fa, I'm just saying ka bincika."

Jumare ya ture farantin. Nan take abubuwa suka fara jeruwa a kansa, kowanne ya sami gurbinsa kamar da ma an yanka masa. Wata biyar ba ta zo Manchester ba, kullum da uzuri. In ya kira ta ta bidiyo, sai ta ce kyamarar wayar ta lalace. Da ya ce zai zo ya gan su a watan jiya, Muhsin ya yi ta in-ina, wai flat ɗin ana gyara. Ashe gyaran ke nan.

Ya kira Zuhra. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Yaya..." Numfashinta yana fita guntu-guntu. Sai ta saki wani nishi mai tsawo wanda ya ƙare da kuka. Daga nesa ya ji muryar Muhsin, wadda bai taɓa jin ta da ƙarfi haka ba: "Ajiye wayar nan, Zuhra, ba yanzu ba!" Layi ya katse.

Ya kira Muhsin.

"Yaya, ina wuni? Ya karatu? Ya su Nana?"

"Me ya sami Zuhra?"

"Lafiya lau, Yaya. Ba ta ɗan jin daɗi ne."

"Wane irin rashin jin daɗi?"

"Irin... na mata ne, Yaya. Zan kira ka anjima in sha Allahu."

Tsoro ya kama Jumare. Tsoro ne na gaskiya, kada a zalunce shi: yarinyar nan shi ya riƙa goya ta zuwa makarantar allo, shi ya fara saya mata takalmin boko. Ya tuna da Raki, ya ce tana aiki, kuma in ya kira ta za ta ce a bi a hankali. Ya tuna da Inno, ya ce za ta ce a bari Kawu ya dawo daga kasuwa a yi shawara, kafin nan an gama da yarinya. Ya dubi agogo. Daga nan zuwa Birmingham tafiya ce ta kusan awa biyu. Babu lokaci.

Ya danna tara sau uku, lambar kiran gaggawa ta 'yan sanda.

Jumare lauya ne, ya san kalmomin da ke sa ɗan sandan Ingila ya bar shayinsa ya tashi. Ya ce mijin ƙanwarsa ya kulle ta a gida wata da watanni, ya raba ta da danginta, yana hana ta waya. Ya ce wani ma'aikacin asibiti ya ga rauni a fuskarta. Ya ce yanzun nan ya ji ta tana ihu, mijin yana daka mata tsawa. Matar da ta ɗauki kiran ta tambaye shi adireshi, ta tambaya ko akwai yara a gidan, ya ce babu. Ta tambaya ko matar tana da juna biyu.

"A'a," in ji Jumare, da cikakken tabbaci. "Da haka ne, ni ne farkon wanda zai sani."

Ya kama bas zuwa tashar Piccadilly, ya shiga jirgin ƙasa na farko da ya samu. A kujerarsa ta jikin taga hankalinsa ya ɗan kwanta, har wani abu mai kama da alfahari ya fara taso masa. Ya riƙa tsara abin da zai faɗa wa Muhsin, da Hausa da Turanci. Ya tsara yadda zai gaya wa Inno cewa ga abin da ke faruwa idan aka yi aure ba a tambayi babba ba. Gonaki da tumaki suna ta wucewa, ruwa yana tsiyaya a jikin gilashi.

Sun wuce Stoke kaɗan Raki ta kira. Muryarta cike da murna.

"Abban Nana, yanzu na buɗe locker na ga missed calls ɗin Zuhra har huɗu. Ina jin naƙudar ce ta taso. Ka yi mata addu'a, ni zan roƙi manaja in taho."

"Wace naƙuda?"

"Haihuwa mana. Ai watanta ya kama."

Jumare ya dubi tumakin da ke waje.

"Zuhra ciki gare ta?"

Raki ta yi dariya. "Wata tara cur. Inno ta sani, Gwaggo ta sani, har Nana ta sani, ita ta zaɓi safar jariri a kasuwar Gorton."

"Ni kuma fa? Ni gunki ne a gidan?"

"Haba, Abban Nana. Da wane baki ƙanwarka za ta dube ka ta ce tana da ciki, kuma cikin fari? Ko video call ta daina yi da kai don kada ka gane. Shi kuma Muhsin surukinka ne, ƙasa za ta tsage da shi kafin ya furta. Ni ma ta sa na yi mata alkawari. Jininta ne ya hau a watan nan, duk ta kumbura, shi ya sa suke ta zaryar check-up. Kuma bari in fasa maka ƙwan gaba ɗaya tunda an zo gangara: scan ya nuna namiji ne, sun yanke tun tuni sunanka za a sa masa. Muhammad Awwal. Muhsin ne ma ya kawo shawarar. Wai ina kake ne, nake jin ƙarar jirgi?"

Ya gaya mata. Bai rage komai ba, domin ba shi da ƙarfin ragewa.

"Lambar office ɗinmu tana jikin firij," in ji ta a hankali. "Firij ɗin da ka yi wa jawabi da safe."

Ta kashe wayar.

Ya sake kiran 'yan sanda, ya ce kuskure ne, yana so ya janye. Wani mutum mai ladabi ya gode masa, ya ce jami'ai sun riga sun isa gidan, kuma ba zai iya gaya masa abin da ya biyo baya ba. Ya ƙara da cewa sun saba dangi su kira su ce kuskure ne, don haka janyewa ba ta tsayar da bincike. Jumare ya so ya yi gardama, sai ya tuna cewa babi na huɗu na littafinsa kacokan a kan haka yake: jirgin da ya riga ya saki bam ba a kiransa ya dawo da shi.

Bartholomew ya tarye shi a ƙofar asibitin, yana murza hula a hannu. Ya ji labari daga masu motar asibiti. 'Yan sanda sun iso daidai lokacin da Muhsin yake saukowa da Zuhra daga bene, rabi a ɗauke rabi a jaye, tana ihu, fuska a kumbure, hannuwa duk tabon allurar ɗibar jini. Suka raba su. Aka tambaye ta ko mijinta yana cutar da ita, ita kuwa ciwo ya hana ta haɗa kalma biyu, sai kuka da kiran Inno. Aka sa ta a motar asibiti, aka sa shi a ta 'yan sanda.

"Barista, ni bincika na ce," in ji Bartholomew. "Wallahi hijabin nan ya rufe komai."

"Na sani," in ji Jumare. "Kai aikinka ka yi."

Da la'asar aka ce ta sauka, namiji, uwa da ɗa lafiya. Ita kaɗai ta yi naƙudarta a tsakanin baƙin fuskoki. Da ta farfaɗo, wata 'yar sanda ta zauna a gefen gadonta ta ɗauki bayani, sannan aka ɗauki na Jumare a wani ƙaramin ɗaki. 'Yar sandar ta tambaye shi aikinsa. Ya ce ɗalibi ne. Ta ce a kan me yake bincike. Ya ce shari'a, bai ƙara ko kalma ba.

Da unguwarzoma ta shigar da shi ɗakin, Zuhra ta ja bargo ta rufe fuskarta har goshi. Ko a wannan hali kunyar tana nan, ba ta yarda yayanta ya gan ta kwance da jariri a gefe ba. Daga ƙarƙashin bargon muryarta ta fito, a dushe.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Sannu, Zuhra. Sannu da arziki."

"Yaya, ina yake?"

"Sun ce yanzu za su sake shi."

Jaririn yana cikin ɗan gadon gilashi, ja wur, yana motsa baki. Jumare ya tsaya yana kallonsa, cike da ƙauna da kunya. Ya matsa, ya ce tunda lokaci yana tafiya, bari ya yi wa yaron kiran salla a kunne. Yana miƙa hannu bargon ya motsa.

"A bar shi, Yaya. Ubansa ya yi wata tara yana jiran wannan."

Ya janye hannunsa, ya koma ya zauna a kujerar roba. A nan Raki ta same shi da ta iso da kwanon kunun kanwa da jakar kayan jariri. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta rungumi Zuhra, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa.

Ana gab da magariba Muhsin ya shigo. Takalmansa suna ta faɗuwa daga ƙafarsa, domin an zare igiyoyin a ofishin 'yan sanda, shi kuma bai tsaya mayarwa ba. A hannunsa akwai wata farar leda da aka zuba masa kayan aljihunsa: igiyoyin takalmin, bel, makullai, waya, da dabino guda uku da ya tanada tun safe don ya ɗanɗana wa jariri.

Jumare ya miƙe. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa mari ma, kuma da an mare shi da ya ji sauƙi. Muhsin ya ajiye ledar, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba, idonsa a kan tayil.

"Yaya, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Muhsin, tashi don Allah. Ni ne na kira su. Ni ne..."

"Na sani, Yaya. Sun karanta mini abin da aka faɗa. Ba wanda ya iya tsara magana haka sai kai." Babu gatse a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. "Ƙanwarka ce. Allah ya bar zumunci."

"Ka yafe mini. Na zaci babu lokaci ne."

Muhsin ya tashi ya wanke hannunsa a famfon da ke kusurwa, ya daɗe yana wankewa. Sannan ya je ya tsaya a kan matarsa. Zuhra ta sauke bargon zuwa haɓa, suka dubi juna. Ya ɗauki ɗansa, ya kai bakinsa kunnen dama ya yi kiran salla a hankali, ya koma na hagu ya yi iƙama. Ya ciro dabino ɗaya daga ledar 'yan sanda, ya tauna ɗan kaɗan, ya shafa wa yaron a dasashi. Yaron ya yamutsa fuska, ya lashe.

Saura suna. A nan ne uba yake raɗa wa ɗansa sunan da zai amsa har kabari. Raki ta daina zuba kunu. Jumare ya ji kansa yana karkato da kunne, kamar ɗalibin da ke jiran a kira sakamako.

Muhsin ya sunkuya, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Zuhra. Ita kuma ta kawar da kai wajen taga.

"Ba a yi huɗubar sunan ba, Abban jariri," in ji Raki a hankali.

"E, Anti," in ji Muhsin, yana gyara wa yaron zani. "Da mun tsayar da magana. Amma abu mai nauyi irin wannan, gara kada mutum ya yi gaggawa. Zan sake shawara da ita, a kira Inno, a ji ta bakin kowa." Ya juyo wajen Jumare, cikin ladabi, idonsa a ƙasa. "Ai akwai sauran kwana bakwai, ko ba haka ba, Yaya?"

"Haka ne," in ji Jumare. "Kwana bakwai ne."

Ya koma kan kujerar roba. Da ya ga ba wanda yake bukatarsa da komai, sai ya jawo farar ledar, ya ciro igiyoyin, ya sunkuya ya fara zura su a takalman surukinsa.